Ranar da Na Share wa Alhaji Dusma Marayu

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu a Madarumfa da hantsi ya san abin da zai tarar. Alhaji Dusma na zaune a zaure bisa tsohuwar kujerar babbar mota, hula a karkace, hannu biyu a sitiyari, ido a kan allon kwamfuta. Ka yi sallama, shiru. Ka sake, sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya ba tare da ya waiwayo ba. Sai ya kunna sigina, ya rage gudu, ya lalubi gefen hanya mai faɗi a cikin wasan, ya ja birki, sannan ya juyo da fara'arsa.

"Wa alaikumus salam. Ba a magana da direba shina bisa hanya."

Akwai maɓallin da in ka danna, wasan zai tsaya cak har ka dawo. An nuna masa ya fi a ƙirga. Ya ce shi shekara arba'in yana tuƙi tsakanin Maradi da Katsina da Agadas, bai taɓa ganin motar da ke da maɓallin tsai da duniya ba, kuma ba da tsufansa zai koyi ha'inci ba. Wata azahar ya shigo masallaci an riga an yi raka'a biyu. Da aka sallame, liman ya ce, "Alhaji, lafiya? Kai da ke riga ladan zuwa." Ya ce, "Malam, kira ya iske ni bisa gada. Ba wurin tsayawa." Liman ya wuni yana tunanin wace gada ce tsakanin zaurenmu da masallaci, tafiyar da ba ta kai taku talatin ba. Da aka yi masa bayani, washegari ya biyo ya ga abin da idonsa, har ya ce a ba shi ya taɓa. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, a masallaci ina bayanka. Amma nan, kana da takardar tuƙi?"

Ni jikarsa ce, Rabi, ɗiyar babban ɗansa. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa Tsoho, kuma da wuya mu yi hirar awa guda bai sake ni ba ya maida ni. Sunansa na yanka Sanda. Dusma kuwa tun zamanin tuƙi ya samo shi, don kalmar nasaran nan ta "a hankali" ba ta fita bakinsa: dusma, dusma. Ana cewa mai amalanken jaki ya taɓa wuce shi a hanyar Safo, ya waiwayo ya tambaye shi ko a ɗaura masa igiya.

Da gwiwa ta hana shi taka kuloci, ƴaƴansa suka taru suka karɓe makulli. Wata shida ya yi yana zaman bakin tabki, yana koya wa masunta yadda ake loda kwalekwale, mutanen da a cikin ruwa aka yanke musu cibiya. Da ƙorafi ya yi yawa, Baffa Nasiru, ƙanen babana, ya kawo masa tsohuwar kwamfuta ƴar gwanjo, da sitiyarin wasa, da wani wasa na tuƙa manyan motoci ana kai kaya gari-gari. Mako guda bai ko kalle ta ba, ya ce kayan yara ne. Rana ta takwas ya ga Baffa na ƙoƙarin yin baya da tirela, ta naɗe masa kamar tabarma. Ya ce, "Tashi, tashi, kada ka kashe bayin Allah." Ya zauna. Daga ranar ba a sake ganin sa bakin tabki ba. Masunta har kifi suka aiko wa Baffa na godiya.

Sai dai masuntan ba su tsira ba, don da ƙafarsu suka biyo shi zaure. Su da masu lambu, in an taso aiki da yamma, sai a cika wurin, a yi ƙwallo, a yi kokawa, a yi tseren mota, duk a kwamfuta. Lokacin zafi fanka ɗaya ce a zauren, kuma kwamfuta yake juya wa ita, mutane na ta zuba gumi. In an yi magana ya ce, "Ku in kun yi zahi ruwa za ku sha. Ita mi za ta sha?"

Tseren motar nan Tsoho ya tsane shi, wasan marasa tarbiyya yake ce masa, amma ko da wasa ka ce a share shi sai ku ɓata. Shi a duniya ba ya share komai. "Ajiya ba ta cin hatsi," in ji shi. Duk wanda ya zo da wasa a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, sai ya ce a zuba masa. Da cikin kwamfuta ya cika, sai ya shiga tara diski, irin waɗanda ake cirowa daga matattun kwamfutoci a sa musu waya. Guda huɗu ya tara, kowanne ya zura shi cikin tsohuwar safa, kowanne da sunansa. Akwai Agadas, shi ne babba, kuma kafin ya buɗe ka shanye shayinka. Akwai Jibiya, mai hayaniya kamar ranar kasuwa. Akwai Ɗan Issa, wanda duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya tsaya an duba shi. Sai Safo, zan zo kansa. Kullum da safe ya fito da su daga akwatin kayan gyaran mota, ya jona su ɗaya bayan ɗaya. In wasan ya ƙi tashi, ya zare duka ya sake jonawa, ya ce tura mota ya yi.

Ni a Maradi nake aiki, a wani shagon buga takardu, kuma ni ke lallaɓa kwamfutocin shagon in sun yi gardama. Wannan ya isa Tsoho ya ɗauke ni bakanike. Wata Laraba ya kira ni a waya.

"Amarya, mota ta yi pan, ta lalace."

"Wace mota, Tsoho? Ba ka da mota."

"Ke ce ba ki da kunya. Tana tahiya tana shaƙewa, kuma wani jan layi ya hito shina mini gargaɗi. Ki taho da kayan aiki."

Na iso ran Asabar da safe. Ba sai an yi dogon bincike ba, cikin kwamfutar ya cika maƙil, ko hoto ɗaya ba zai shiga ba. Na taho da wata manhaja a kile wadda aikinta ke nan: ta bi diski-diski ta duba wasanni, ta nuna waɗanda aka kwafa fiye da sau ɗaya, da tarkacen da wasa ke bari bayan an cire shi, in ka ba ta izini ta share. Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Tsintsiya ke nan."

"Kusan haka."

"To ki gaya mata nan ba gidan ubanta ba ne. Ta duba, amma kada ta taɓa."

Tun farko aka soma da gardama. Diski huɗu ne a jone, Tsintsiya ta ce biyu ta gani. Na canza ramin jonawa, na hura waya, na kashe na kunna. Yana zaune yana cin goro, yana kallona yadda ake kallon ɗan koyo na canza taya. Sai da na jiƙe da gumi ya miƙa hannu ya ɗauki wani ɗan dutse da ke gefen tebur, wanda ni na ture don na zaci datti ne, ya tokare wayar Agadas da shi. Nan take Agadas ya bayyana.

"Wanga dutse shekararsa uku a bakin aiki," ya ce. "Ya girme ki a sana'ar."

"Tsoho, waya za ka canza."

"Mi wayar ta yi? Tsuhwa laihi ne?"

Saura Safo. Awa guda na yi a kan Safo. Na kai shi kunne, ba motsi. Na gwada shi da wayar Jibiya, ba motsi. Na ce, "Tsoho, Safo fa ya mutu."

"Na sani. Tun bara waccan."

"Ka sani ka bar ni ina ta fama?"

"Ba ki tambaye ni ba."

"To don mi kake jona shi kullum?"

"Tare suka zo da Jibiya. In jona ƴan'uwansa in bar shi cikin akwati shi kaɗai? Ke haka aka rene ki?"

Da Tsintsiya ta gama zagaye ta kawo rahoto. Wasan ƙwallo kaɗai kwafi uku ne, ɗaya a kowane diski mai rai. Na ce a bar ɗaya, a share biyu.

"Na Jibiya na masunta ne," ya ce. "Na Agadas na masu lambu. In kika haɗa su wuri guda, ke za ki raba hwaɗan."

"Na Ɗan Issa fa?"

"Wancan ba a buɗe shi. A cikinsa baƙi ƴan Safo suka ci mu bakwai da nema."

"Ai shi ya fi cancanta a share."

"A share, gobe su ce goma suka ci? Shaida ce."

A ƙasan rahoton akwai wani dogon jeri. Manhajar Faransanci take yi, kuma sunan da ta ba jerin, in aka juya shi Hausa, shi ne marayu, wato ƙananan kayan da ta duba ba ta ga wasan da ya haife su ba. Kuskurena da na fassara masa.

Ya ajiye goro. "Mi kika ce?"

"Marayu, Tsoho. Suna ne kawai. Tarkace ne da ba su da uwa ba su da uba."

"Shi ya sa za a share su? Amarya, lakwal ɗin da aka sa ki, ba a karanta muku abin da ke jiran mai taɓa kayan maraya ba? Wanda bai da kowa, da shi za ki soma?"

Iya Tsahara, kakata, ta shigo da kwanon fura daidai lokacin. Ta ce, "Rabi, ƙyale shi. Mutumin da tayar da ta fashe masa tun babanki na goye har yau tana bayan ɗakina."

"A cikinta kajinki ke ƙwai," ya ce. "Ban taɓa karɓar haya ba."

Aka kira la'asar, ya ɗauki buta. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Dusma, Amarya. Kada ki taɓa komi sai na dawo."

Ni kuwa tun safe nake zaune ban share ko ƙwaya ɗaya ba, ga aiki na jirana ran Litinin. Na ce a raina tarkace ne, ba zai ma lura ba, in ya ga mota ta daina shaƙewa shi da kansa zai sa mini albarka. Na tura kwanon fura gefe, na sa Tsintsiya ta sake zagaye. Jerin marayu ya fito ya fi na ɗazu tsawo. Maimakon in tambayi kaina dalili, sai na ji daɗi. Na danna. Jan layin ya koma shuɗi.

Abin da ban gani ba shi ne kwanon fura ya ture dutsen.

Wasan tuƙin a Agadas yake zaune. Amma ajiyarsa, wato inda ake rubuta sunan direba da motarsa da garuruwan da ya je da wurin da ya tsaya, tana cikin kwamfutar kanta. Da wayar Agadas ta saki, Tsintsiya ta ga ajiya ba ta ga wasa ba, sai ta lissafa ta cikin marayu.

Tsoho ya dawo, ya tsinci dutsensa a ƙasa, ya dube ni, ya mai da shi wurinsa. Ya zauna ya buɗe wasan. Wasan ya yi masa maraba kamar baƙo, ya ce ya rubuta sunansa.

Na shirya wa faɗa. Na shirya wa saki uku a jere. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a hankali, "Ina Habu?"

Ku da kuka san zauren kun san Habu Dogo. Shi ne yaron motar Tsoho tun suna da ƙarfi, daga baya ya zama direban kansa, amma bai daina ce masa maigida ba. Da kwamfuta ta zo, Habu ya buɗe nasa sunan a wasan, ya zaɓi jar mota. Kullum bayan la'asar suna karɓa-karɓa, kowa na kushe tuƙin ɗan'uwansa. Damina biyu kafin wannan rana, Habu ya tsaya da motarsa a wani gidan mai na cikin wasan, da lodin katako, ya ce gobe ya ƙarasa. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku ya cika. Wannan duk na sani. Abin da ban sani ba Iya ce ta gaya mini a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. Duk Juma'a in an sauko masallaci, Tsoho kan buɗe sunan Habu, ya tada motar, ya bar ta ta yi zafi, ya kashe. Ba ya matsar da ita ko taku ɗaya. Ta taɓa tambayar sa, ya ce mota in ta daɗe a tsaye batir ke mutuwa.

Na koma zaure. Na ce masa Tsintsiya ba ta ƙona abin da ta share nan take, tana da juji inda take tarawa, kuma akwai maɓallin maidowa. Na zare diskin duka, na sake jona su da kyau don in tabbata kowa na nan. Na danna maidowa. Ta ce ba ta ga jujin ba.

Na bi diski uku ɗaya-ɗaya ban ga komai ba, don ɓoye jujin take yi, ita kaɗai ta san hanyarsa. Na kashe na kunna. Na kira wani abokin aikina a Maradi, ya lissafo mini abubuwan da na riga na gwada. Masunta suka zo ƙwallo, suka ga fuskar Tsoho, suka juya ba tare da kowa ya ce su tafi ba. Har aka kira magariba ina fama, kuma da Tsoho ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tuwo ma loma biyu ya yi ya wanke hannu.

Washegari da hantsi na sake zama. Ya jawo kujera kusa da ni, ya sa tabarau. Na danna, saƙon jiya ya sake fitowa.

"Karanta mini abin da ta ce. Dukkansa, kada ki rage."

"Ta ce ba ta sami jujin a diski F ba."

"F wane ne?"

Na nuna masa. "Ga shi, Jibiya."

"A'a. Jiya Ɗan Issa ne ke da wanga."

"Tsoho, kai da ba ka yi boko ba?"

"Ban iya karatu ba, amma lambar mota ba ta wuce ni. Jiya da kina ta hwama, Jibiya na da mai haƙora uku, Ɗan Issa na da mai haƙora biyu. Yau sun yi musanya."

Na dube shi, na dubi allon. E da F yake nufi, kuma gaskiyarsa. Kwamfutar ba ta san Jibiya ba, ba ta san Ɗan Issa ba. Wanda aka fara jonawa shi take ba harafin farko, na biye ya ɗauki na biye. Da na zare su jiya cikin ruɗewa, na mai da su a wani jeri dabam, harufa suka juya. Tsintsiya na ta ƙwanƙwasa ƙofar F, alhali mai gidan ya tashi. Ashe wannan ne ma sirrin tura motar da yake yi da safe shekara da shekaru.

"Ita ma lamba take dubawa ke nan, ba huskar direba ba," ya ce. Ya ture hannuna. "Matsa. Jiya da Jibiya na soma." Ya zare su duka. Ya jona Jibiya, ya jira. Ya jona Ɗan Issa, ya jira. Ya jona Agadas ya tokare da dutse. Har Safo bai bari ba.

Na danna maidowa. Jeri ya fito, dogo, kuma can tsakiyarsa ga sunaye biyu, Habu da Sanda. Na ce bari in zaɓi duka a tashi ɗaya. Ya ce a'a, ɗaya-ɗaya, ba a lodi a guje.

"To da wa zan soma?"

"Tambaya kike? Habu."

Habu ya dawo. Na danna Sanda. Layin ya kai rabi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi.

Kuran bai dawo ba sai bayan azahar. Ajiyar Tsoho ta rabu biyu, rabi a juji rabi a gida, kuma ba ɓangaren da wasan ya yarda ya karanta. Tuƙin shekara biyar, da motocin da ya tara, da garejin da ya gina, duk sun tafi. Na yi iyakar abin da na sani har la'asar, ban samu ba. Sai na kifa kai a tebur na fashe da kuka.

Shi kuwa bai ma dube ni ba. Ya buɗe sunan Habu. Ga jar motar nan a gidan mai, ta tsaya a karkace ta cinye wurin mota biyu, katako na bayanta. Ya daɗe yana kallo. Ya tada ta, ya karkata kunne ya saurari injin, ya kashe.

"Dubi tsayuwa don Allah," ya ce. "Shekara talatin ina koya mishi, har ya mutu bai iya ba." Ya goge ido da hannun riga, sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma kukan mi? Ni ina da rai, sai in sake. Shi ne ba ya iyawa."

A nan take ya sa na rubuta masa sunansa sabo. Wasan ya ba shi aikin ɗan koyo: ƴar ƙaramar motar aro, da kwandunan tumatir, ga wata muryar mace na nuna masa inda birki yake. Ya saurare ta tsaf har ta gama. Ya ce, "Yarinyar ga tana da ladabi, amma ba ta san da wa take magana ba."

Kafin in koma Maradi na kafa wa kowane diski harafinsa na dindindin, yadda ko da wa aka soma ba za su sake musanya ba. Wannan ya yarda da shi, ya ce an yi wa motoci takarda. Amma sai da ya tsare ni na maido sauran marayun kaf, kuma da suka dawo jan layi ya koma inda yake. Na ce, "Tsoho, ko abu ɗaya ka yarda a share, don zuwana ya yi rana."

Ya yi dogon tunani, yana bin allon da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Sai ya tsaya.

"Wagga mi ce?"

"Ita ce Tsintsiyar."

"Share ta."

Iyakar abin da Alhaji Dusma ya yarda aka share masa ke nan a rayuwarsa. Ita ɗin ma, da na rataya jakata zan fita, sai ya ce in bar masa kwafinta a Ɗan Issa, don ba a san gobe ba. Bayan mako biyu ya ba wani direba saƙo aka kawo masa diski na biyar, na zo na kwashe rabin kayan cikin kwamfutar na zuba a ciki, mota ta daina shaƙewa. Ya sa wa diskin suna Amarya. Na tambaye shi dalili, ya ce sabo ne kuma ba a san halinsa ba tukun.

Bara bayan girbi idonsa ya soma rufewa. Aka yi masa aiki a ɗaya, ba a dace ba. Allon ya koma masa kamar hayaƙi. Na zaci zai haƙura, sai ya ce duk Asabar in zo, ni zan riƙe sitiyari, shi ya zauna a gefe a matsayin mai mota. Ba ya ganin hanya, amma kunnensa na kan inji. "Canza giya, tana kuka." "Kin hau gehen hanya, na ji tsakuwa." Wani lokaci ya yi shiru har in zaci barci ya ɗauke shi, da na ɗan ƙara wuta sai in ji ya yi gyaran murya.

Asabar ta ƙarshe na shiga wata kwana da gudu, na kifar da tirela cike da buhunan siminti cikin rami. Injin ya mutu. Na yi tsit ina fatan bai gane ba.

"Amarya."

"Na'am."

"Mun iso ne, ko mun mutu?"

"Mun ɗan kishingiɗa ne, Tsoho."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Iya ta fito da ruwa tana mana faɗa mu biyun. Da ya lafa, ya lalubo hannuna a kan sitiyari ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Hannun ya yi sauƙi kamar kara. Ya ce, "Ba komi. Ba a iya tuƙi sai an hwaɗa rami. Ki dai riƙa zuwa."

Ran Talata da hantsi ina shago Baffa Nasiru ya kira ni, kuma tun daga yadda ya yi sallama na gane. Kafin in iso ƙofar gida ta cika da masunta da masu lambu da tsofaffin direbobi, wasu tun daga Ɗan Issa, wasu ban taɓa ganin su ba. Ana ta'aziyya ana goge ido, can sai wani ya tuno wata maganarsa, ka ji dariya ta suɓuce wa mutane, a yi sauri a rufe ta da salati.

Ina zuwa har yanzu, duk Asabar. In zauna da Iya a tsakar gida, mu tsinke zogale, ta ba ni labarinsa da ban sani ba, ni ma in ba ta wanda ba ta sani ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Sanda. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka masa abin da idonsa ya daina gani. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.